Zama ba mota a Gure: ina riba, ina hasara?

A Yamai, ma'aikacin gwamnatin da ba shi da mota abin tausayi ne, don kuwa rabin albashinsa a takisi yake ƙarewa. A Gure lissafin ya sha bamban. Garin bai yi faɗin da zai gagari ƙafa ba: daga gida zuwa buro, daga buro zuwa kasuwa ko masallacin Juma'a, tafiya ce ta ɗan lokaci, wanda kuma rana ta dame shi sai ya tsai da kabu-kabu. Buhun hatsi amalanke ke kai shi ƙofar gida. Saboda haka wanda ya sayi mota don yawon cikin gari, girma ya saya, kuma girman nan yana da tsada.

Man fetur ne farkon tsadar. Shekara da shekaru mutanen jahar Damagaram sun dogara ga ƴan ruwa-ruwa masu sayar da man Najeriya a kwalba, har bayan da aka buɗe matatar SORAZ a 2011. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wannan araha ta kau. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin lita daga sefa 540 zuwa 499, amma a watan Maris na 2025 sai ga dogayen layuka a gidajen mai na ƙasar. Tsakanin Gure da Damagaram akwai kimanin kilomita 160. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta cinye wajen jika 16 zuwa da dawowa, tun ba a yi zancen taya ba. Wanda ya hau motar kasuwa ko bas ɗin da ya fito Difa, kuɗin kujera ɗaya kawai zai biya, ya yi barcinsa a hanya.

Bayan mai akwai inshora da harajin shekara, akwai rairayin da ke cinye inji, akwai kayan gyaran da sau da yawa sai an aika Damagaram ko Kano. Sai kuma abin da ba a rubuta shi a takarda ba: motar ma'aikaci ta dangi ce. Biki, suna, ta'aziyya, rakiyar alhaji, duk a kanta suke, kuma ba mai tambayar wa ya zuba mai. Dattawa sun ce arziƙi rigar ƙaya. Ɗan kasuwa dai ya fi ma'aikaci wayo a nan, domin in ya sayi mota, wadda za ta ɗauki kaya ta mai da kuɗinta yake saye.

To amma duk wannan riba a bakin gudro ta tsaya. Hanyar ƙasa ta ɗaya ta ratsa Gure ta nufi Maine-Sorowa da Difa. Wanda ya kauce mata ya faɗa tudun rairayi. Kwarurrukan da ake noman dabino da haƙar kanwa, da rugagen makiyaya na wajen Taskar, ba abin da ke isa gare su sai kat-kat, ko raƙumi, ko amalanken shanu. Manomin da ba shi da abin hawa yana sai da dabinonsa a farashin da mai mota ya yanka, don mai motar ya san ba wani mai sayen da zai zo bayansa. Malamin makarantar da aka tura ƙauye yana iya jiran ranar kasuwa kafin ya samu motar da za ta fito da shi.

Mafi muni shi ne dare. Mace ce naƙuda ta yi wa gardama, ko yaro zazzaɓin cizon sauro ya kai shi ga suma. Tun 2005 Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 kuma ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Sai dai kyautar tana asibiti, mai ciwon kuwa tana bayan tudu. In asibitin Gure ya tura ta Damagaram, zancen mai ya sake tasowa, a lokacin da mijinta ba shi da halin ciniki.

Wannan matsala ba motar mutum ɗaya ke warware ta ba, domin ko mai motar, in ƙarama ce, rairayi zai riƙe ta. A jahar Doso an gwada wata dabara: ana ƙara sefa 100 a kan kuɗin ganin likita, a tara su don man motar asibiti. Ƴan kasuwar Gure da suka saba da adashi, da ma'aikatan da ke da ƙungiyoyinsu, ba su rasa hanyar yin irin wannan asusu ba. Kuɗin da mutum guda zai kashe a shekara wajen ciyar da tsohuwar motar da ta fito Kwatano zai kai marasa lafiya da dama Damagaram.