SHARHI: Bunƙasar Legas da Tashar Lekki, Ina Rabon Manomin Mashi?

Shekaru ashirin da suka gabata, yankin Ibeju-Lekki da ke gabashin birnin Legas bai wuce ƙauyukan masunta da fadamu da itatuwan kwakwa ba. A yau kuwa wannan yanki ya zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi zuba jari a Afirka ta Yamma. Wani zai iya tambaya, me ya haɗa manomin riɗi na ƙaramar hukumar Mashi da abin da ke gudana a bakin teku, alhali tazarar da ke tsakaninsu ta haura kilomita 1,000? Amsa ita ce, takin da yake zubawa a gonarsa, da man da yake sa wa injin ban ruwa, da farashin da dillali ke yi wa buhunsa, duk suna da alaƙa da wannan gaɓa. Bugu da ƙari, layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta Mashi zai ratsa.

Abin da ke riƙe da tattalin arzikin Legas

Legas, wadda iyayenmu suka fi sani da Ikko, ta daina zama babban birnin tarayya tun watan Disamba na 1991, amma hakan bai rage mata komai ba ta fuskar kasuwanci. Har yanzu ita ce ta fi kowace jiha tara kuɗin shiga na cikin gida, kuma a can ne hedikwatar mafi yawan bankuna da manyan kamfanoni take. Tushen wannan arziki shi ne tashoshin jiragen ruwa. Tashar Apapa da ta Tin Can, wadda aka buɗe a 1977, su ne suka daɗe suna ɗaukar kaso mafi tsoka na kayan da ke shigowa ƙasar nan. A kewayensu ne masana'antun fulawa da na sukari suka kafu, domin alkama da ɗanyen sukari ta ruwa suke zuwa, kuma mai masana'anta ya fi son ya zauna kusa da inda jirgi ke sauke masa kaya.

Da cunkoson manyan motoci ya yi wa Apapa katutu, har direba kan shafe kwanaki a layi kafin ya shiga, sai hankali ya koma Lekki. A watan Maris na 2022 aka buɗe masana'antar takin zamani ta Dangote, wadda aka gina domin samar da tan miliyan 3 na takin yuriya a shekara. A watan Janairu na 2023 tsohon Shugaban Ƙasa, marigayi Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da tashar jiragen ruwa ta Lekki, wadda ta ci kimanin dala biliyan 1.5, kuma zurfinta ya kai mita 16.5, abin da ya ba manyan jiragen da ba sa iya shiga Apapa damar tsayawa. A watan Mayu na wannan shekara aka ƙaddamar da matatar mai ta Dangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a kullum. Ta fara fitar da man dizal da na jirgin sama a farkon 2024, sannan fetur a watan Satumba na shekarar.

Abin lura shi ne yadda waɗannan ayyuka suka jingina da juna. Tasha ta jawo masana'anta, masana'anta ta jawo ma'aikata, su kuma ma'aikata suna buƙatar gidaje da abinci. Wani kaso mai yawa na wannan abinci daga Arewa yake tafiya. Shanun da ake lodi a kasuwanni irin su Mai'aduwa, da tumatir da albasa da wake da ake saukewa a kasuwar Mile 12, shaida ne cewa jama'armu sun daɗe suna ciyar da birnin. Sai dai mafi yawan abin da muke aikawa ɗanye ne, ribar sarrafa shi kuwa a can take tsayawa.

Darasin da tarihi ya bar mana

Idan ba a manta ba, akwai zamanin da Katsina ita ce matattarar fatauci. Ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus ta Gadamas da Agadas su sauke hajarsu a birnin, su ɗauki fatu da tufafi su koma. Da Turawa suka zo, sai alƙiblar ciniki ta juya daga Sahara zuwa teku. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya mayar da ita babbar kasuwar Arewa. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Birnin Katsina da Daura da Mashi ba su sami layin ba, don haka gyaɗarsu da audugarsu sai an kai Kano ko Funtuwa a kan jakuna da raƙuma, daga baya a motoci. La'adar dillanci da kuɗin awo da sauran ribar da ke tattare da tasha suka tafi wajen waɗanda jirgi ke tsayawa a ƙofarsu.

Wannan giɓi ne ake son cikewa da layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu na 2021, kuma kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa. Tsawonsa kimanin kilomita 284 ne, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Jamhuriyar Nijar. Haka nan an ƙaddamar da tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, sannan ta Funtuwa a watan Mayu na 2024. Manufar irin wannan tasha ita ce ɗan kasuwa ya kammala takardunsa da binciken kwastan a kusa da gida, a rufe masa kwantena, ba sai ya je Legas yana fafutuka ba.

Batun Nijar da Kwatano

Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma ta daɗe tana dogaro da tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin. 'Yan kasuwar Maraɗi sun yi suna wajen shigo da kaya ta wannan hanya, wani ɓangare kuma ya gangaro kasuwanninmu ta Jibiya da Kwangwalam. Bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 an rufe iyakoki, kuma ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a watan Fabrairu na 2024, Najeriya ta buɗe tata iyakar a watan Maris, hukumomin Yamai ba su buɗe tasu da Benin ba a lokacin. Kaya da yawa suka koma bin tashar Lome ta ƙasar Togo, hanya mai nisa da tsada. Wannan ya nuna cewa akwai kasuwar da tashoshin Legas za su iya samu, idan hanya ta inganta kuma dangantakar ƙasashen biyu ta daidaita. Duk kayan da zai bi wannan hanya ta jirgin ƙasa kuwa, ta Jihar Katsina zai wuce.

Inda gizo ke saƙa

Gaskiya ɗaya ce, bai kamata a yaudari jama'a da cewa isowar jirgi kaɗai za ta kawo arziki ba. Na farko, layin zamani bai gama haɗuwa ba. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, an kuma fara na Kaduna zuwa Kano a wannan shekara, amma tsakanin Ibadan da Abuja akwai sauran aiki. Ita kanta tashar Lekki an buɗe ta ne ba tare da layin dogo ba. Saboda haka za a ɗauki lokaci ana haɗa jirgi da mota.

Na biyu, kuma wanda ya fi shafar mu kai tsaye, shi ne abin da za mu loda. Jirgin da ya zo maƙare da kayan waje ya koma fanko bai ƙare mu da komai ba face mayar da mu masu saye. Ƙasarmu tana ba da riɗi da zoɓo da aya da wake da fatu, kuma riɗin Najeriya yana da masu saye a Japan da Sin da Turkiyya. Amma kasuwar duniya tana da sharuɗɗa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Wanda ya zuba wa buhunsa magani fiye da ƙima, ko ya cakuɗa riɗi da yashi domin ya ƙara nauyi, ba kansa kaɗai ya cuta ba, ya ɓata sunan yanki baki ɗaya.

Na uku, kwantena ɗaya tana cin buhuna ɗaruruwa, kuma manomi mai kadada ɗaya ko biyu ba zai iya cika ta ba. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan manoma ba su haɗu a ƙungiyoyin gama kai masu rajista da asusun banki ba, dillalin da ya zo daga nesa shi zai ci gaba da yanke farashi a lokacin kaka, sa'ilin da kowa ke neman kuɗi.

Abin da ya kamata a yi tun yanzu

Tun ran gini ran zane. Ya dace ƙananan hukumomin da layin zai ratsa su keɓe filaye kusa da tashoshi domin rumbunan ajiya da wuraren awo, kafin masu sayen fili su riga su. Ya dace attajiranmu su duba ƙananan injinan tsabtace riɗi da matsar mai da busar da zoɓo, domin kayan da aka gyara aka ɗura a buhu mai suna sun fi ɗanye daraja. Malaman gona su ƙara himma wajen koya wa manoma adana amfani a buhunan da iska ba ta shiga, maimakon dogaro da magani. Matasa kuma su karkata ga koyon aikin fiton kaya da lissafin sito da gyaran injuna, musamman ganin cewa Jami'ar Sufuri ta Tarayya tana Daura, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Sama da komai, sai an sami tsaro a gonaki da hanyoyi, domin babu mai zuba jari a inda ba ya iya kwana da ido biyu a rufe.

Legas ta ci moriyar teku ne saboda ta gina masana'antu a bakinsa. Kano ta ci moriyar jirgin ƙasa ne saboda jirgin ya tarar da 'yan kasuwa a shirye da gyaɗarsu. A wancan karo layin bai biyo ta wajenmu ba, muna da uzuri. A wannan karo zai ratsa ta gonakinmu, kuma abin da ya rage shi ne ya iske mu da kaya masu tsabta, a haɗe, a auna. Allah Ya ba mu ikon yin shiri, Ya kuma zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.