Raddi ga Nakamura Mitsuo a kan Littafin Futon da Adabin Tona Asirin Kai

A shekarar 1950 masanin adabi Nakamura Mitsuo ya ɗora wa littafi guda laifin karkatar da ƙagaggen labarin Japan, wato Futon na Tayama Katai, wanda ya fito a 1907. Littafin yana ba da labarin wani marubuci magidanci mai 'ya'ya uku da ya kamu da son ɗalibar da aka ba shi amana, bai taɓa furta mata ba, ya gano tana da saurayi, daga bisani ya sa mahaifinta ya mayar da ita gida, sannan ya kifa fuska cikin shimfiɗar da ta bari yana kuka. Da'awar Nakamura ita ce Katai bai bar tazara tsakaninsa da tauraron labarinsa ba, kuma karɓuwar littafin ta danne hanyar da Shimazaki Toson ya buɗe da Hakai a 1906, har marubuta suka bar al'umma suka koma tona asirin kansu, salon da ake kira shishosetsu, wato labarin da marubuci ke ginawa a kan rayuwarsa.

Batun tazara shi ne ginshiƙin da'awar, kuma littafin da kansa ya rushe shi. Nakamura ya ce Katai ya karanta wasan kwaikwayon Bajamushe Gerhart Hauptmann, maimakon ya koyi yadda marubucin ya tsaya daga nesa yana duban tauraronsa Johannes, sai ya ɗauki kansa a matsayin Johannes ɗin. Amma wanda ke kwatanta kansa da Johannes a cikin Futon shi ne Takenaka Tokio, mutumin da Katai ya raɗa wa suna dabam, yake kuma ba da labarinsa da lamirin "shi". Wannan Tokio, da kishi ya ci shi, ya sha giya ya yi tatul, ya ja mayafi har cikin makewayi ya zube a can, matarsa na fama da shi. Marubucin da ya ajiye gogan nasa a ƙasan makewayi jim kaɗan bayan ya nuna shi yana ɗaukar kansa tauraron adabin Turai ya san sarai abin dariyar da ke ciki, kuma wannan sanin shi ne tazarar da aka ce babu.

Zancen danne Hakai ya fi rauni, domin shi ma Hakai a kan furuci aka gina shi: malamin makaranta Segawa Ushimatsu, wanda mahaifinsa ya gargaɗe shi kada ya taɓa bayyana cewa ya fito daga burakumin, rukunin mutanen da ake ƙyama saboda sana'ar kakanninsu, ya durƙusa gaban ɗalibansa ya faɗi asalinsa. Hanyar kuma ba ta toshe ba, tunda Natsume Soseki ya ci gaba da ƙaga labarai har ya fitar da Kokoro a 1914. Ita kanta kalmar shishosetsu sai wajen 1920 ta shiga bakin masana, marubuci Kume Masao ya ɗaukaka salon a 1925, shi ya sa masaniyar adabi Tomi Suzuki ta nuna a 1996 cewa al'adar karatu ce da aka kafa daga baya, aka waiwaya aka naɗa Futon kakanta.

Cewa babu al'umma a irin waɗannan littattafai magana ce ta wanda ke neman al'umma a masana'anta da majalisa kaɗai. Futon cike yake da rikicin zamanin Sarki Meiji: budurwar da ta yi karatu a makarantar mishan ta Kobe tana son zama marubuciya, matar gida mai tsohuwar tarbiyya da mijinta ke raina wa wayewa, da maza biyu, uba da malami, da suka zauna suka yanke makomar yarinyar.

Inda Nakamura ke da ƙamshin gaskiya shi ne zargin cewa ana sayen yabo da fallasa kai, sai dai misalin da ya fi tabbatar da haka yana warware sauran maganarsa. Toson ya yi wa ɗiyar wansa ciki, ya tsere Faransa a 1913, ya dawo a 1916, sannan ya buga labarin kashi-kashi a jaridar Asahi daga 1918 da sunan Shinsei, ma'ana sabuwar rayuwa. Shi ya ci gaba da zama babban marubuci, ita kuwa dangi suka tura ta Taiwan. Marubuci Akutagawa Ryunosuke ya kira tauraron littafin munafuki mai wayo, masharhanci Hirano Ken kuma ya yi hujjar cewa Toson ya rubuta shi ne don ya kuɓuta daga yarinyar da kuma nauyin kuɗin da wansa ke ɗora masa. Idan haka ne, furucin an tsara shi da lissafi, an zaɓi abin da za a faɗa da abin da za a binne, kuma wannan aiki ne na mai ƙaga labari, ko da ya munana.

Dazai Osamu ya mayar da wannan lissafi tsarin littafi tun shekara biyu kafin Nakamura ya yi rubutunsa. A Ningen Shikkaku na 1948, littattafan rubutu uku da Oba Yozo ya yanke wa kansa hukuncin fita daga sahun mutane a cikinsu suna zuwa ne ta hannun wani mai ba da labari da bai taɓa haɗuwa da shi ba, wanda ya fara da nazarin hotunansa uku, ya rufe da shaidar wata mai mashaya da ta san Yozo, tana cewa yaron kirki ne, laifin na mahaifinsa ne. Mai karatu na fita da shaidu biyu masu karo da juna a kan mutum ɗaya, Dazai kuwa bai raba gardamar ba.