Duwan na hayaƙi: wanda bai auna kayansa ba, wani zai auna masa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa fito da kaya daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Lome ya san tambayoyin ma'aikacin duwan: wane irin kaya ne, nawa ne nauyinsu, daga wace ƙasa suka fito, nawa aka saye su. To, daga ranar 1 ga watan Janairu na shekarar 2026, ƙasashe 27 na Tarayyar Turai sun ƙara tambaya ta biyar a bakin iyakokinsu: hayaƙi nawa aka tura sama kafin a ƙera waɗannan kaya? Gwargwadon amsar, gwargwadon kuɗin da za a biya. Masu Faransanci suna taƙaita sunan dokar da MACF, masu Ingilishi kuma da CBAM. A Hausance dai ba ta wuce duwan na hayaƙi ba. Kaya iri 6 ta shafa: ƙarfe, sanholo wato alminiyom, siminti, takin zamani, wutar lantarki da iskar haidurojin.

Mafarin zance

Tun shekarar 2005 Turai ta ɗora wa manyan masana'antunta da tashoshin wutarta sayen takardar izini a kan kowane tan na iskar karbon da suka saki, wato iskar da ke ɗumama duniya tana rikita damina. Ana cinikin waɗannan takardu a kasuwa, farashinsu yana hawa yana sauka kamar na gero. A watan Fabrairu na 2023 ya haura yuro 100 a kan tan guda, fiye da jika 65 ke nan a kuɗin sefa. Manufar Turai ita ce kafin 2030 ta rage kashi 55 cikin 100 na hayaƙin da take fitarwa a 1990.

Sai masu masana'antun ƙarfe da siminti suka ɗaga murya. Suka ce in su kaɗai za su biya, alhali abokan gogayyarsu na Sin, Indiya da Turkiyya suna ƙera kaya ba tare da wannan nauyi ba, to kasuwa za ta koma hannun baƙi, masana'antu su yi ƙaura, hayaƙin kuma ya ci gaba da tashi a wata ƙasa. Shekara da shekaru an lallashe su da takardun izini na kyauta. A watan Mayu na 2023 aka zartar da sabuwar doka: za a riƙa janye kyautar sannu a hankali daga 2026 zuwa 2034, a kuma sa wa kayan waje kuɗi daidai da wanda na gida ke biya. Daga 1 ga Oktoba 2023 zuwa ƙarshen 2025 lokacin gwaji ne, ana cika takardu ba a biyan ko dala. A 2025 an sassauta wa ƙananan ƴan kasuwa: wanda kayansa ba su wuce tan 50 a shekara ba, an ɗauke masa. Sayar da takardun biyan zai fara a Fabrairu 2027, amma lissafin ya soma tun daga kayan 2026.

Yadda lissafin yake

Ƙarfen da aka narka daga dutse da gawayin ƙasa yana sakin fiye da tan 2 na karbon a kan kowane tan. Wanda aka narka daga tsoffin ƙarafa da wutar lantarki bai cika kai tan guda ba, kusan kashi 7 cikin 10 na tan. A ce farashin takarda yuro 80 ne, wato wajen jika 52 da rabi. Ran da dokar ta cika ƙarfinta a 2034, tan guda na ƙarfen farko zai ɗauki ƙarin da ya wuce jika 100, na biyun kuma bai kai jika 40 ba. Ga ido ƙarfen iri ɗaya ne, ga magini ma haka, amma a gaban duwan na Turai sun zama kaya biyu.

Siminti ya fi wuyar sha'ani. Fiye da rabin hayaƙinsa daga jikin dutsen farar ƙasa yake fita in an gasa shi, don haka ko da wace irin wuta aka yi gashin, wannan kaso yana nan. Shi ya sa a garin Brevik na ƙasar Nowe kamfanin Heidelberg Materials ya buɗe a 2025 na'urar kama hayaƙi mai ɗaukar tan 400.000 a shekara, ana kai shi a binne a ƙarƙashin teku. A Suwidin kuwa, shirin HYBRIT ya ƙera ƙarfe da haidurojin a madadin gawayi, ya miƙa wa kamfanin Volvo kason farko a 2021. Duka waɗannan dabaru kuɗi mai yawa suke ci, kuma gwamnatocin can suna tallafa musu.

Akwai ƙa'idoji biyu a cikin dokar waɗanda suka cancanci a karanta su da natsuwa. Ta farko: masana'antar da ba ta gabatar da nata awon hayaƙi ba, wanda wani mai bincike da Turai ta amince da shi ya tabbatar, za a yi mata lissafi da ƙiyasin da aka tsara a birnin Burusel, kuma da gangan ake ɗora wa ƙiyasin ƙari. Ta biyu: in an riga an biya kuɗin hayaƙi a ƙasar da aka ƙera kayan, za a cire shi daga abin da za a biya a Turai. Ma'ana, kuɗin nan ba makawa zai fita daga aljihu. Abin da ya rage shi ne baitulmalin da zai shiga.

Abin da masu bincike suka gano

A nan ne aikin masu nazarin siyasar tattalin arziki ya nuna amfaninsa, domin su ne suka fitar da alƙaluman da ake jayayya da su a teburin shawara. A 2021 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ciniki da bunƙasa, wato CNUCED, ta yi lissafi a kan dalar Amurka 44 kowane tan. Ta gano cewa hayaƙin duniya zai ragu da kashi 0,1 cikin 100 kacal, kuɗin shigar ƙasashe masu arziki zai ƙaru da dala biliyan 2,5, na ƙasashe masu tasowa kuma ya ragu da biliyan 5,9. A 2023 Gidauniyar Yanayi ta Afirka tare da masana na makarantar tattalin arziki ta Landan sun ƙiyasta cewa asarar nahiyar za ta iya kai dala biliyan 25 a shekara, kuma sanholo da ƙarfe ne za su fi jin jiki.

Ƙiyasi ba wahayi ba ne. Kowane ya dogara ga farashin da aka zaɓa da kuma tsammanin yadda masana'antu za su gyara aikinsu. Amma da irin waɗannan alƙaluma ne Afirka ta Kudu, Indiya, Sin da Barazil suka kai kukansu taron yanayi na Dubai a 2023. Hujjarsu a fili take: tun taron Riyo na 1992 aka yarda cewa nauyin gyara ba ɗaya ba ne tsakanin wanda ya shekara 200 yana ƙona gawayi da wanda jiya ya fara. Afirka duka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a wannan karo har da waɗanda ba su ja ba. Tun 2001 Turai ta buɗe ƙofarta ga kayan ƙasashe mafi talauci, har da Nijar, ba tare da kuɗin duwan ba, in ban da makamai. Sabuwar dokar ba ta keɓe su ba.

Turai ma tana da tata hujjar. Ta ce baƙo ba zai biya fiye da ɗan gida ba, kuma dokar ta riga ta motsa wasu. Sin, wadda ta kafa kasuwar hayaƙinta a 2021, ta shigar da ƙarfe, siminti da sanholo cikinta a 2025. A shekarar nan ce kuma Turkiyya ta zartar da dokar yanayi mai share fagen tata kasuwar. Afirka ta Kudu tana karɓar harajin karbon tun 2019. Ingila ta tsai da 2027 don fara nata duwan na hayaƙi. Waɗannan ƙasashe sun gane ƙa'ida ta biyu: gara kuɗin ya tsaya gida.

Wani abin lura da masu binciken suka tono shi ne, dokar ta fi matsa wa kayan da aka sarrafa. Dutsen boksit da Gine ke fitarwa, wanda daga shi ake samun sanholo, yana shiga Turai ba tambaya, amma sanholon da aka narka sai an biya. Kuma a wajen sanholo da ƙarfe ana ƙirga hayaƙin da ya fita daga masana'antar ne kawai, ba a duba inda wutarta ta fito. Ke nan masana'antar Alucam ta Edeya a Kamaru, wadda ke aiki da wutar kogin Sanaga, ba a ba ta ladan tsabtar wutarta. In ba a yi hattara ba, tsohon tsari ne zai dawo da sabuwar riga: Afirka ta sayar da ɗanye, a sarrafa shi a wani wuri.

Ina ruwan Nijar?

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram yana iya cewa: yuraniyom, ɗanyen mai, zinariya, albasa, wake da dabbobi, babu ko ɗaya a cikin jerin. Gaskiya ne. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na ɗaya, kayan da Turai ta tsananta wa za su nemi wata kasuwa, kuma tashoshin Afirka ta Yamma suna kan hanya. Ƙarfen gini da siminti masu arha za su yi wa ɗan kasuwa daɗi na ɗan lokaci, amma masana'antar siminti ta Malbaza ita za ta sha gogayyar. Na biyu, takin zamani. Masana'antar Dangote ta Lekki, wadda aka buɗe a Maris 2022 da ƙarfin tan miliyan 3 na yuriya a shekara, tana sayarwa a kasuwar duniya, kuma duk abin da ya taɓa farashin can zai iso gonar manomin Madarumfa ko Ƙonni. Na uku, jerin ba zai tsaya nan ba: a Disamba 2025 Hukumar Turai ta gabatar da shawarar ƙara kayan da aka ƙera da ƙarfe da sanholo daga 2028. Na huɗu, bankunan da ke ba da rancen gina masana'antu su ma tambayar hayaƙi suke yi. Ƙasar da ke da tashar gawayi ta SONICHAR a Anu Araren tun 1981, da matatar mai ta SORAZ tun 2011, da burin haƙar gawayin Salkadamna, ba za ta kauce wa wannan tambaya ba.

Ƴan kasuwar wake ba su manta 2015 ba, lokacin da Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Ba kuɗin fito ne ya rufe ƙofar ba, awo ne. Darasin ɗaya ne da na yau: ciniki ya koma hannun wanda ke riƙe da sikeli.

Abin yi

A kasuwar hatsi, manomin da ya zo ba tare da sanin tiya nawa ke buhunsa ba, abin da mai awo ya faɗa shi zai karɓa. Aikin farko ke nan: awo. Ma'aikatun ciniki, masana'antu da makamashi, tare da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa da majalisar CNEDD mai kula da muhalli, ya kamata su san hayaƙi nawa ke cikin tan guda na simintin Malbaza da kowane kilowat na wutar NIGELEC. Makarantar EMIG da jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna iya horar da matasan da za su yi wannan awo su kuma tabbatar da shi, maimakon a riƙa biyan baƙi da yuro.

Na biyu, wuta. A wajen siminti da taki dokar tana ƙirga har da hayaƙin wutar da aka yi aiki da ita. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da ta Goru Banda mai megawat 30 ta 2023, sun nuna hanya. Ƙasar da ta haifi Farfesa Abdou Moumouni, wanda ya sadaukar da rayuwarsa ga binciken hasken rana, tana da abin da za ta gina a kai.

Na uku, magana da murya ɗaya. A Yamai ne, a watan Yuli na 2019, aka ƙaddamar da aikin kasuwar bai ɗaya ta Afirka. Ƙasa guda ba ta da nauyin da za ta sa Burusel ta saurara, amma nahiya tana iya neman a daidaita hanyar awo da halin masana'antunta, a kuma mayar da wani kaso na kuɗin da aka tara don gyara su. Irin wannan buƙata sai da alƙaluma na gida, waɗanda ƴan gida suka tattara. Ɗakin Ciniki kuma yana da haƙƙin faɗakar da mambobinsa tun yanzu.

A 2026 kashi 2,5 cikin 100 kawai aka janye daga kyautar da masana'antun Turai ke samu, don haka nauyin bai yi tsanani ba tukuna. A 2030 zai kusa rabi, a 2034 ya cika. Shekarun da ke tsakani su ne na shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.