An Sallame Shi Daga Asibiti, Ina Zai Nufa?

A farkon shekarar 2023 aka ba da sanarwar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da masu taɓin hankali. Ita ce ta maye gurbin dokar 1958, wadda asalinta daga dokar Turawan mulki ta 1916 ne. Tsohuwar dokar ta fi damuwa da tsarewa a kan magani.

Tarihinmu ya shaida haka. Gidan mahaukata na Yaba a Ikko, wanda aka buɗe a 1907, da kurkuku ya fi kama a farkonsa. Amma a 1954 Dakta Adeoye Lambo ya gwada wata hanya a Aro, kusa da Abeokuta. Ya sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan kewaye, kowa tare da wani danginsa, suna zuwa asibiti karɓar magani. Jama'a ta zama sashen maganin.

'Yan'uwa, doka ita kaɗai ba ta warkar da kowa. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton masu taɓin hankali ɗaure da sarƙa a Nijeriya, har a wasu majami'u. Wanda ya samu sauƙi ya komo gida kuwa, mu hana shi aiki, mu hana shi aure, mu ci gaba da kiransa mahaukaci.

In akwai irinsa a ikkilisiyarku, ku kira shi da sunansa, ku ba shi aiki, ku taimake shi sayen magani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.