Injin minshari: maɓallan da suke naka da wanda ba naka ba

1/ Jama'a, zare ne a kan injin CPAP, wanda likita ke rubuta wa mai ɗaukewar numfashi a cikin barci. Ra'ayina a taƙaice: duk abin da ya shafi jin daɗi, gyara shi da hannunka a gida. Amma lambar ƙarfin iska, wannan ba taka ba ce. Ku biyo ni.

2/ Mu nan minshari abin tsokana ne. Alhali a wasu mutane, maƙogwaro ne ke rufewa in barci ya yi nauyi. Numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, mutum ya zabura, ya koma. In hakan na faruwa sau 5 zuwa 15 a awa, mai sauƙi ne. Sau 30 zuwa sama, ya yi tsanani.

3/ In ba a magance ba, yana da hannu a hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga gyangyaɗin rana. Ku tuna yawan direbobinmu da ke bin titin Gusau zuwa Funtua ta Tsafe da Kucheri kullum. Mutumin da bai yi barcin kirki ba, ga sitiyari a hannu, ga fasinja a baya.

4/ Injin ba iskar oksijin yake bayarwa ba. Iskar ɗakin ce yake turawa ta tiyo zuwa hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Wani likitan Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da dabarar a Sydney, ya wallafa ta a 1981. Ƙarfin iskar daga lamba 4 ne zuwa 20, kowa da tasa.

5/ Ga inda muke shigowa, mu 'yan waya. Baba ya ce iska ta yi masa yawa, sai yaro ya shiga YouTube, ya gano yadda ake buɗe ɓoyayyen shafin likita, ya sauke lamba daga 11 zuwa 6. Baba ya daina ƙorafi, a ce yaro ya iya. Wallahi ba taimako ba ne.

6/ Dalili: injin zai ci gaba da huci, takunkumi na fuska, kowa ya ɗauka ana magani. Amma iskar ba ta kai ta buɗe maƙogwaro ba. Kamar a raba ƙwayar hawan jini gida biyu ne don ta fi sauƙin haɗiya. Gara wanda ya san ba ya magani da wanda ke zaton yana yi.

7/ Kawuna a Kucheri yana amfani da shi, ni nake duba masa. Kusan duk ƙorafinsa ba na lamba ba ne, na hunturu ne da takunkumi. To ga abubuwan da suke hannunka:

8/ Hawa a hankali. A fuskar injin za ka ga Ramp. Yana farawa da iska kaɗan, ya riƙa ƙarawa har barci ya ɗauke ka, wasu har minti 45. In iska na dukanka tun farko, tsawaita shi. In kuma kana jin kamar ba ta ishe ka ba, rage mintunan ko ka kashe shi.

9/ Danshi. Da hunturu hanci na bushewa har ya yi jini. Ƙara lambar danshi ɗaya-ɗaya, kwana biyu tsakani. In ruwa ya fara taruwa a tiyo saboda sanyin asuba, rage kaɗan, ka naɗe tiyon da zane, kuma kada injin ya fi kanka tudu.

10/ Ruwan tankin: tataccen ruwa ake so. Na burtsatse yana barin farin gishiri a ciki. Kuma don Allah kar a ɗiga turare ko man zafi wai don hanci ya buɗe. Huhu duk za shi.

11/ Takunkumi. Ɗaure shi tam ba ya hana iska zurarewa, sai ma ya bar shaida a karan hanci. Kwanta tukuna, kunna injin, sannan ka daidaita igiyar. A wanke fuska, a bar shafa basilin wurin da robar ke zama, yana lalata ta. Mai gemu ya tambayi irin na hanci kawai.

12/ Matatar ƙura. 'Yar farar audugar nan ta baya ko gefe. Ƙurarmu ba irin ta ƙasar da aka ƙera injin ba ce. Duba ta duk mako, in ta yi ja a canza. Mai sola da batir kuma ya sani: na'urar ɗumama ruwa ita ke shanye caji. In wuta ta yi ƙaranci, kashe ɗumin, ba injin ba.

13/ Na san me za ku ce: likita na Gusau, ga kuɗin mota, ga halin da hanya ke ciki. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma injin da kansa yana nuna awa nawa aka yi da shi, yawan zurarewar iska, da sau nawa numfashi ya tsaya a awa. Ƙasa da 5 ake nema.

14/ Ɗauki hoton wannan shafin kwana 7 a jere, ka tura wa likita ta WhatsApp. Faɗa masa in ciki na kumbura da iska, ko minshari ya dawo, ko har yanzu ana gyangyaɗi. Shi zai ce a ƙara ko a rage. Wannan shi ne amfanin wayarka a nan.

15/ Masu sayen na hannu: injin yana zuwa da lambar mai shi na farko, wani mutum a Turai da ba ku haɗa wuya ba. Sai an sake saita shi. Kuma a watan Yuni 2021 Philips ya janye miliyoyin injinansa saboda soson ciki da ke rududdugewa. Duba lambar injin kafin ka biya.

16/ In iyayenmu sun miƙo mana na'ura, sun yarda ne mun sani. To mu san iyakarmu. Danshi, igiya, matata, hawa a hankali: bismillah. Lamba: a kira likita.

Wanda ke da mai minshari a gida ya tura masa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.