Kunne Ba Shi Da Jam'iyya: Wa Ya Raba Masu Jin Shata Da Masu Jin Breaker?

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan bokonmu idan hira ta biyo ta kan waƙa. Sai mutum ya gyara zama ya ce shi fa Shata yake ji, ko Narambaɗa, ko Ɗanƙwairo, waƙoƙin fiyano kuwa na yara ne da marasa aikin yi. A ƙarƙashin wannan magana akwai hukunci, wai masu sauraron waƙar Hausa gida biyu ne, gidan masu hankali da gidan 'yan zamani, kuma babu ƙofa a tsakani. Wannan hukunci ƙarya ne, kuma ƙarya ce mai tsada, domin makaɗan gargajiyar da ake iƙirarin karewa su ne suke biyan kuɗinta.

Kafin mu zo gida, bari mu leƙa wata ƙasa inda aka taɓa gina irin wannan katanga, masu sauraro suka tsallake ta.

Abin da ya faru a Amurka

A ƙarshen shekarun 1960 wasu nau'o'in kiɗa biyu suka taso. Na farko shi ne wanda ake kira southern rock, wato rok ɗin kudancin Amurka, wanda ƙungiyoyi irin su Allman Brothers Band da Lynyrd Skynyrd suka yi fice da shi. Kiɗa ne mai ƙamshin ƙauye, ana jan jita a hankali, ana waƙar gida da uwa da doguwar hanya. Na biyu shi ne heavy metal, mai nauyi da ƙara, wanda Black Sabbath suka aza wa harsashi a Birmingham ta Ingila, birnin masana'antu. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, a wata masana'antar ƙarfe ya rasa kan yatsunsa biyu, kuma yadda ya sassauta tsirkiyar jitarsa don ya rage zafi yana cikin abin da ya ba kiɗan nauyinsa.

A kantunan faifai an ware wa kowanne shiyyarsa. A tunanin 'yan kasuwa, wancan na mai hular kaboyi ne, wannan na mai baƙar riga da dogon gashi. Amma da aka duba, sau da yawa mutum guda ne ke sayen duka biyun: direban babbar mota, bakanike, ma'aikacin masana'anta. Su kansu makaɗan sun tona asirin. Ƙungiyar Pantera ta jihar Texas ta fitar da kundin Cowboys from Hell a 1990, metal ne tsantsa amma da tinƙahon kudu. Zakk Wylde, mai kaɗa wa Ozzy Osbourne jita, ya kafa Pride & Glory, ya fitar da kundi a 1994 wanda ya haɗa nau'o'in biyu a tukunya ɗaya. A 1998 kuma Metallica, manyan masu metal na duniya, suka saka waƙar Lynyrd Skynyrd mai suna Tuesday's Gone a kundinsu na Garage Inc., tare da Gary Rossington na ita ƙungiyar yana kaɗa musu jita.

Dalilin ba boyayye ba ne. Dukansu daga kiɗan bulus na baƙaƙen fatar Amurka suka sha nono, dukansu sun ɗora jita a kan karaga, kuma dukansu suna magana da mutumin da ke cin abinci da guminsa, wanda yake jin cewa masu birni sun raina shi.

Mu dawo bakin ruwa

Duk wanda ya san Yelwa ya san cewa garin bai taɓa zama na murya ɗaya ba. Masarautar Yawuri ta tara Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Fulani da Hausawa, ga Sarkawa masunta da suka biyo ruwa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in aka sake musu matsuguni. Jama'ar da ta ga haka ta daɗe da koyon zama da baƙon sauti. Kuma sunan Yawuri ya shiga tarihin kiɗan fada ta gidan Ɗandawo, Aliyu da ɗansa Sani, don haka ba za a ce mutanen nan ba su san waƙa mai nauyi ba.

To, a je wurin masu tura waƙa a waya, a tasha ko a bakin kasuwa, a ga abin da ake loda wa mutane a memori. Matuƙin jirgin ruwan da ke ɗauko albasa da kifi daga ƙauyukan Ngaski, da ɗan acaɓan da ke bin hanyar Shanga, ba sa cewa a ware musu gargajiya gefe, zamani gefe. Shata yana nan, Ɗan Anace yana nan, a bayansu Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa, can ƙasa kuma DJ AB. Waƙa na ƙarewa wata na shiga, mai wayar bai ji an yi masa laifi ba.

Abin da yake nema a cikinsu iri ɗaya ne. Wanda jininsa ke tsuma idan Ɗan Anace ya wasa Shago, shi ne dai wanda ke gyaɗa kai idan ɗan hip-hop na Kaduna ya hau kirarin kansa. Masu cewa yabon kai baƙuwar ɗabi'a ce da aka kwaso daga Amurka, sai su koma su saurari Bakandamiyar Shata, su gaya mana wa yake yabo a ciki. Wanda kuma ke son waƙar sarauta ta Ɗanƙwairo bai sha wahalar karɓar Naziru M. Ahmad ba, har Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu ya naɗa shi Sarkin Waƙa. Fadar da ake cewa ita ce ma'ajiyar gargajiya ta buɗe wa mai fiyano ƙofa, amma ɗan boko yana nan yana gadin katanga.

Akwai ma misalin da ya haɗa ƙarshen zaren biyu. Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel. Yau shi ne ke cika zaurukan Turai da Amurka, masu son rok mai ƙara suna tururuwar kallonsa, musamman bayan kundinsa na Afrique Victime na 2021. Salon situdiyon da muke yi wa kallon shirme yana cikin matakalar da ya taka.

Inda masu suka suke da gaskiya

Ba a hana su haƙƙinsu ba. Gaskiya ne na'urar gyaran murya ta ba wa marasa murya damar shiga fage. Gaskiya ne da yawa daga waƙoƙin yau an gina su a kan kalmomi goma da ake juyawa, alhali baiti guda na Narambaɗa zai iya cinye wa ɗalibin Hausa mako yana warwara. Gaskiya ne kuma fiyano guda ya kori makaɗa biyar daga aiki.

Sai dai wannan hujja ce a kan ingancin wasu waƙoƙi, ba ta tabbatar da cewa masu sauraro sun rabu ba. Kuma akwai rashin adalci a ma'aunin. Ana ɗauko gwanayen shekara hamsin, waɗanda zamani ya riga ya tace, a gwada su da duk tarkacen da ya fito a makon jiya. A zamanin Shata ma an yi makaɗan banza, mantawa da su aka yi.

Haka batun roƙo. Ana zagin Rarara da cewa ya mayar da waƙa kasuwar 'yan siyasa, kuma akwai abin faɗa a nan. Amma manyan makaɗan da muke girmamawa sun yi wa sarakuna da attajirai da 'yan siyasa waƙa, sun karɓi doki da riga da mota. Gambu, ɗan jihar Kebbi, ɓarayi ya yi wa waƙa. Tsufa ba ya wanke waƙa, kamar yadda ƙaunar da ake yi wa Lynyrd Skynyrd ba ta goge shekarun da suka yi suna kafa tutar 'yan awaren kudu, tutar masu kare bauta, a dandalinsu ba. Idan za a yi hisabi, a yi wa kowa da mudu ɗaya.

Wa ke asara?

Katangar nan tana da sakamako a zahiri. Idan mai tsara shirye-shiryen rediyo ya yarda cewa matasa ba sa jin kalangu, sai ya tura shi wani lungu na mako, a sa masa sunan tuna baya. Idan mai shirya biki ya yarda da haka, sai a kira makaɗan gargajiya su yi minti goma a gaban manyan baƙi kamar kayan gidan tarihi, a sallame su da abin da bai kai kuɗin mota ba, sannan a ba mai fiyano dare da babban kaso. Ɗan makaɗi yana kallon wannan lissafi, gobe kuma a yi mamakin ya ƙi gadon gidansu. Mai cewa yana kare gargajiya ta hanyar keɓe ta, shi ne ke yi mata likkafani tun tana numfashi.

Gyaran ba shi da wuya. Bikin Rigata na Yawuri yana tara jama'a daga ko'ina a bakin ruwa. A sa mai kalangu da mai fiyano a dandali ɗaya, a lokaci ɗaya, da lada mai kama da juna, a ga ko taron zai watse. Gidajen rediyon Kebbi su daina raba jadawalinsu gida biyu, su jera waƙoƙi yadda mutane suke jera su a wayoyinsu. Mawaƙan zamani da ke ɗibar karin magana da salon tsofaffi su ambaci sunan mai abu, su kai wa iyalansa haƙƙinsu, kamar yadda Metallica suka gayyato ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar masu waƙar ya zauna tare da su. Masu ilimi kuma, maimakon tsaki, su taimaka a tattara kaset-kaset ɗin gidan Ɗandawo da ire-irensu a mayar da su na'ura kafin zafi da ƙura su gama da su.

Shata ya rasu a 1999, kafin a haifi da yawa daga yaran da ke ɗauke da muryarsa a aljihu yau. Babu malamin jami'a ko ɗan jarida da ya umarce su da su loda shi. Sun ji ne ya yi musu daɗi, kamar yadda Breaker ya yi musu. Wanda yake son kalangu ya rayu, wajen waɗannan yaran zai nufa, ya kuma bar raina abin da ke biye da Shata a wayarsu.