Sharhi: Raunin kai da ba a gani da ido, ƙalubalen da ke gaban 'yan sandan Mubi

Garin Mubi na Jihar Adamawa ya sha fama da tashin bama-bamai. A ƙarshen Oktoban 2014 mayaƙan Boko Haram suka ƙwace garin, kafin sojoji da mafarauta da 'yan banga su ƙwato shi a watan Nuwamba. A ranar 21 ga Nuwamban 2017 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya hallaka aƙalla mutum 50 a wani masallaci da ke Unguwar Shuwa, sannan a ranar 1 ga Mayun 2018 tagwayen bama-bamai suka tashi a wani masallaci da kasuwar da ke kusa da shi.

A irin wannan yanayi 'yan sanda na cikin waɗanda ke fara isa wurin. Akan ƙirga mamata da masu zubar da jini, amma jami'in da ya faɗi, ya miƙe ya kakkaɓe kakinsa, akan ɗauka ya tsira ke nan.

A fannin likitanci ba haka abin yake ba. Ƙarfin iskar da fashewar bam ke turowa, ko bugun gora, ko jifa da dutse, ko faɗuwa daga babur da motar sintiri, duk suna iya girgiza ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai. Galibin masu wannan rauni ba sa suma, kuma sau da yawa hoton na'urar CT ba ya nuna komai. Daga baya alamomi ke bayyana: ciwon kai, jiri, mantuwa, rashin barci da saurin fushi. Idan aka sake bugun kan kafin ya warke, haɗarin yakan ƙaru.

Wani likita haifaffen Nijeriya, Dakta Bennet Omalu, ya taimaka wajen fahimtar da duniya wannan al'amari. A 2005 ya wallafa abin da ya gano a ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan wasan ƙwallon zari-ruga na Amurka, wato lalacewar da ake dangantawa da yawan bugun kai. Har yanzu sai bayan mutuwa ake iya tabbatar da wannan cuta, saboda haka rigakafi ne babban makami.

Rundunar sojin Amurka ta ɗauki darasi daga yaƙin Iraƙi da Afganistan. Tun 2010 ta wajabta duba duk sojan da bam ya tashi a tazarar mita 50 da shi, tare da ba shi hutun sa'o'i 24, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Batun ya shafi jama'ar gari kai tsaye. Jami'in da ke riƙe da bindiga a shingen bincike, alhali hankalinsa ba ya tattare kuma fushinsa na kusa, haɗari ne ga kansa da iyalinsa da matafiya. Ana iya yi masa horo kan rashin ɗa'a alhali magani yake buƙata. Ga kuma nisa: daga Mubi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola kimanin kilomita 200 ne.

An taɓa kafa ginshiƙin doka da za a dogara da shi. Dokar Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda ta 2019 ta tanadi kuɗin horo da kayan aiki da walwala. Abin da ya kamata a ɗora a kai bai fi ƙarfin hukuma ba: hular kwano mai inganci, rubuta duk bugun kai a fayil ɗin jami'i, gajeren gwaji a ofishin yanki, da hutun dole kafin komawa bakin aiki.

Rubutaccen bayanin shi ne zai zama hujjar jami'i idan ciwo ya taso bayan shekaru, lokacin da yake neman magani ko diyya.